Saniyar da ake kira Gottlob

Erna Wandel tana yanka burodi da safiyar wata Talata tarho ya yi ƙara. Ta goge hannu a jikin rigarta ta ɗauka, sai ta ji muryar wata mace da ba ta sani ba, mai magana da sauri kamar ana korarta.

"Ke ce Erna Wandel ta Dimboola? Sunana Noreen Dunstan, daga wajen Mount Gambier nake kira. Baiwar Allah, tambaya ɗaya ce ta sa na neme ki. Me ya sa kika buga sunayen shanunmu a jarida?"

Erna ta ɗauka mahaukaciya ce. Shekara talatin da biyar ta yi tana aiki a gidan waya kafin ta yi ritaya ta dawo gona wurin ƙanenta Edgar, kuma ta ga mutane iri-iri. Ta ce a hankali, ita ba ta buga sunan saniyar kowa ba, sunayen kakanninta ta buga.

Gaskiya ta faɗa. A watan Oktoba na wannan shekara ta 1973 za a cika shekara ɗari da zuwan kakanninta Jamusawa, Traugott Wandel da matarsa Johanna, ƙasar Wimmera. Sun taso daga tuddan Adelaide da amalanken shanu da 'ya'ya bakwai, suka sare daji suka shuka alkama inda ba a taɓa sa garma ba. Shekara biyu ke nan Erna tana haɗa salsalar zuri'arsu don a buga littafi a raba ranar taron dangi. Saboda kada a bar kowa a baya ta sa sanarwa a jaridar manoma, ta jera 'ya'yan bakwai daga babba zuwa ƙarami: Auguste, Gottlob, Ernestine, Wilhelm, Mathilde, Pauline, Berta.

"To ai su ne," in ji Noreen. "Gusta, Gottlob, Tina, Willem, Tilda, Berta. A haka mijina yake kiransu kullum, a haka ubansa ya kira su. Pauline ce kawai ba mu da ita. Kin taɓa jin inda aka sa wa saniya mai nono sunan namiji, Gottlob? Tun da aka kawo ni gidan nan nake tambaya, amsar ɗaya ce, wai haka Kaka Polly ta ce a yi."

Erna ta jawo kujera da ƙafa ta zauna. Ta tambayi wace ce Kaka Polly.

"Kakar mijina. 'Yar riƙo ce a gidan wasu makiyayan tumaki, su McPhee. Ba wanda ya san iyayenta. An ce dai lokacin da suka same ta ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya."

Abin da Erna ta sani game da Pauline layi biyu ne a cikin Littafi Mai Tsarki na gidan, da rubutun Traugott. Zazzaɓi ya kama yarinyar a mashigin Kogin Murray tana da shekara biyar, ayari ba zai iya jira ba, aka bar ta hannun wasu mutanen kirki. Da uban ya koma bayan shuka, mutanen sun tashi, mai fito ya nuna masa ɗan ƙaramin kabari. A daftarin littafin Erna, shafin kowane ɗa ya cika da 'ya'ya da jikoki, na Pauline kuwa suna ne da shekarar haihuwa da ta rasuwa kawai.

Ba ta san yadda suka yi sallama da Noreen ba. Ta dai tsinci kanta a waje, da wuƙar burodi a hannu, tana gudu zuwa rumfar injuna kamar ba mai shekara sittin da uku ba.

Edgar yana kwance ƙarƙashin tarakta. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya turo kai waje.

"Yaya, ajiye wuƙar tukuna. Yanzu saboda wata mata ta ce sunan saniyarta Gottlob za ki sa in bar aiki in tuƙa mil ɗari da arba'in?"

"Suna shida a jere, Edgar. A jere."

"Jamusawa nawa ne a ƙasar nan? Kowane gida akwai Auguste da Berta. Tsohon da kansa ya ga kabari."

"Ya ga kabari. Bai ga wanda ke ciki ba."

Edgar ya yi gunaguni ya koma ƙarƙashin tarakta. Amma washegari da sassafe, da Erna ta fito rungume da Littafi Mai Tsarki a naɗe cikin tawul, ta tarar ya riga ya wanke a-kori-kurar, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

"Ba don na yarda ba ne," ya ce. "In na bar ki ki tuƙa, a rami za a tsinto ki."

Duk hanya bakin Erna bai huta ba. Ta lissafa shekaru, ta sake lissafawa. In Polly ce Pauline, an haife ta a 1868, kuma Noreen ta ce ta rasu a 1955. Ashe har Erna ta kai shekara arba'in da biyar ƙanwar kakanta tana raye, tafiyar rabin yini tsakaninsu. Can kuma ta tuna an ce Polly ta haifi tara, sai ta fara ƙiyasta jikoki da yatsu, har Edgar ya ce ta daina bugun gilashin mota.

Suka bar jar ƙasar alkama suka shiga ƙasar ciyawa mai ɗanyen kore. Wajen ƙarfe biyu suka isa. Noreen, gajeruwar mace mai fara'a, ta tarye su tun daga ƙofar shinge, ta rungume Erna kamar sun shekara da sanin juna. Mijinta Lachlan yana tsaye a baya, dogo, yana juya hularsa a hannu. Erna ta dube shi, ta dubi Edgar, ta sake dubansa, tana neman kama a hanci ko a haɓa. Iyakar gaskiya ba ta ga komai ba.

Aka sha shayi da kek. Lachlan ya faɗi abin da ya sani, kuma ba shi da yawa. Su McPhee suna da 'yarsu mai shekaru kamar na Polly, zazzaɓin nan ya kashe ta a bakin kogi. Bayan haka suka tafi arewa mai nisa bin aikin tumaki, suka tafi da Polly. Ko sun bar saƙo bai isa ba, ko kuwa matar McPhee ce ta kasa rabuwa da yarinya ta biyu a wata guda, ba mai iya faɗa yanzu. Polly ta girma ta manta yarensu, ta manta sunan ubanta. Da ta auri Dunstan suka sami wannan fili, shanunsu na farko ita ta raɗa musu suna. Ta kuma kafa doka, duk wadda ta mutu a cikinsu, karsana ta gaji sunanta.

"Ba ta taɓa gaya muku dalili ba?" Erna ta tambaya.

"Na tambaye ta sau ɗaya ina yaro. Ta ce abin da ya rage mata ke nan, in bar ta. Ban sake ba."

Edgar ya ajiye kofinsa. "Labari ne mai daɗi, Malam Lachlan. Amma ba takarda, ba hoto, ba komai. Yayata dai ta riga ta ba ku shafi a littafi tun muna hanya."

"Ni ma ban ce a yarda ba," in ji Lachlan. "Shanu dai ga su can, kuma lokacin tatsa ya yi. In kuna so ku zo ku gaisa da danginku."

Noreen ta kwashe da dariya. Suka bi shi su uku har bakin makiyaya. Garken ya fi saniya sittin, suna can ƙasa kusa da fadama. Lachlan ya sa hannuwa biyu a baki ya ja murya, kamar waƙa, yana ɗaga ta a kan kowane suna na biyu.

"Gusta, Gottlob, Tina, Willem, Tilda, Berta, Minna."

Shanu suka ɗago kai. Wata ja mai farin goshi ta fara tahowa, sauran suka jeru a bayanta. Amma kunnen Erna ya kama abin da bai yi mata daɗi ba. Ta buɗe tawul da sauri ta bi layin da yatsa.

"Minna? Noreen, ba ki faɗi Minna a waya ba."

"Ai ba ta cikin jaridar, shi ya sa."

"Ba mu da Minna," in ji Erna, muryarta ta yi ƙasa. "Na duba rajistar coci uku. Berta ce auta, daga ita ba a sake haihuwa ba." Ta ji duk murnar da ta ɗauko daga gida tana tsiyayewa. Ƙila dai wani gidan ne daban, mai 'ya'ya masu irin sunayen.

Ta juya don ta ce wa Edgar ya yi gaskiya, sai ta ga ya riƙe sandar shinge da hannu biyu, bakinsa a buɗe.

"Sake kira," ya ce wa Lachlan.

Lachlan ya sake.

"Yaya," in ji Edgar, "Minna ba mutum ba ce. Saniyarsu ce."

"Wace saniya?"

"Wadda suka ɗaure a bayan amalanke. Ke kina makaranta a birni, ni nake zama da Kaka Gottlob a rumfa yana gyaran linzami. Ya ba ni labarinta ya fi sau ɗari. Baƙa ce mai karyayyen ƙaho. Nononta ne ya rayar da Berta a hanya. Ya ce in uwarsu za ta raba abinci takan kira su ɗaya-ɗaya, yara su amsa, sai ƙananan su ƙara da Minna don kada a manta da ita. Wannan ba ya cikin littafin kowa. Ni ma ban sake tunawa ba sai yanzu."

Erna ta zauna daɓas a kan ciyawa, da rigar fita da komai, tana dariya hawaye na zuba. Noreen ta durƙusa ta riƙe ta, ita ma tana yi. Lachlan ya daɗe yana kallon shanun da ke wucewa ta gabansu zuwa wurin tatsa, sannan ya miƙa wa Edgar hannu.

"To, ɗan'uwa. Waccan mai ƙaton ciki ita ce kakanka. Ba ta da hali ko kaɗan, amma duk garken ba mai ba da nono kamarta."

"Halin dai nasa ne," in ji Edgar. "Harbi take yi?"

"Kullum."

"Shi ne, ba shakka."

Maza suka shiga tatsa, Edgar ya naɗe hannun rigar cocinsa ya kama aiki. Erna ta roƙi aron tarho ta kira maɗaba'ar da ke Horsham, ta ce su dakata, kada su buga ko shafi ɗaya. Mai maɗaba'ar ya ce an riga an jera haruffa. Ta ce a warware. Daga nan suka zauna a teburin kicin, Noreen ta kawo kwalin takalmi cike da katunan biki da na suna, tana faɗa Erna tana rubutawa. Fensir ya ƙare aka fere wani. Kowane suna sai Noreen ta haɗa da labarinsa: wannan ya tafi yaƙi ya dawo da ƙafa ɗaya, wannan ta haifi tagwaye sau biyu, wancan ba a maganarsa amma a rubuta shi. Kwana uku suka yi a gidan maimakon yini ɗaya. Zuri'ar Pauline ta tashi mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, ta fi ta kowane ɗaya cikin 'yan'uwanta.

Kafin su tafi Lachlan ya kai su maƙabarta. Dutsen kabarin yana ɗauke da sunan Polly Dunstan da shekarar rasuwarta, wurin shekarar haihuwa babu komai. Erna ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta masa ranar: sha tara ga Maris. Lachlan ya rubuta a bayan hannunsa, ya ce zai kira mai sassaƙa.

Taron Oktoba an shirya shi ne a zauren coci, dole aka mayar da shi filin baje kolin amfanin gona. Su Dunstan suka zo cikin bas uku. Matan Wandel sun soya tsiran alade sun gasa kek na mutum ɗari uku, sai ga kusan ɗari biyar, aka yi ta aikawa gidaje a kwaso abin da ke akwai. Wata tsohuwa jikar Mathilde ta ce ita ba za ta karɓi dangi a kan shaidar shanu ba. Aka zaunar da ita kusa da Noreen, kafin a gama cin abinci tana rubuta mata yadda ake haɗa tsamin kokwamba irin na gidansu.

Da yamma, ana loda yara cikin bas, Erna ta iske Edgar da Lachlan jingine da a-kori-kura suna gardama a kan wanda ya fi wahala, mai alkama ko mai shanu. Ta ce musu mai littafi ya fi su duka. Sannan ta sanar da Edgar cewa sati mai zuwa zai kai ta arewa, don an ce akwai wata jikar McPhee da ke raye, kuma tana da akwatin wasiƙu.

"Mil nawa?" Edgar ya tambaya.

"Ɗari shida."

Ya dubi Lachlan. "Akwai gado a gidanka? Ina ganin gara in koma wajen kakana."