Kalmar da Haladu Ya Tsallake

Tun kafin a buɗe ajin, Saude ta riga ta zauna a ƙofarsa, ta miƙe ƙafafu, takalmanta a hannu. Daga ƙauyensu ta tako har Roni, don motar da ke jigilar mutane ranar kasuwa ta Alhaji ce, ita kuwa ta rantse ba za ta hau ba ko da ƙafar za ta tsinke.

Gona ce ta kawo ta. Shekara biyu bayan an canza kuɗi zuwa naira, gwamnati ta jawo kwalta ta wuce ta gefen gonar marigayi mijinta, wurin da a da ko jaki ba ya son bi. Nan da nan ƙasar ta yi daraja. Wata safiya ta je duba geronta, ta tarar an kafa ƙarafa masu jan fenti a tsakiyar kunya, aka ce mata Alhaji Muhammadu Lawal zai gina gidan mai. Wannan Alhajin ɗan ƙanin mijinta ne. Ita ta yaye shi, a bayanta ya yi fitsarinsa. Ɗanta ɗaya ya tafi yaƙi bayan rasuwar uban, bai dawo ba, ya bar mata jikoki uku. Daga gonar nan suke ci. In ta tafi, babu wata.

Jami'in da aka turo daga Kano don ya raba rigingimun filayen bakin titi, a ajin makaranta yake zama. Saurayi ne siriri, da riga da wando iri ɗaya, biro uku a aljihu. Mai unguwa Daudu ne ya fara shiga, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, Yallaɓai, Allah ya ja zamaninka."

"Tashi, tashi," in ji jami'in. "Sunana Haladu. Haladu kawai. A nan babu ranka ya daɗe, babu Yallaɓai, babu Alhaji, babu Malam. Ni abin nan mamaki yake ba ni. Mutum na da suna, sai a yi ta jibga masa kaya a gaba kamar jakin kasuwa. A takarda kowa sunansa ne, shi ke nan."

Daudu ya miƙe yana waige-waige, ya rasa inda zai sa hannunsa. Saude da ke bayansa ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "To shi wannan babu manya a gidansu ne?"

Mutanen da suka cika tagogi suka kwashe da dariya. Haladu ya ɗago ya dube ta, bai yi dariya ba.

Alhaji ya shigo daga ƙarshe, babbar riga tana ta sheƙi, makullin mota a yatsa. Ya rusuna kaɗan wajenta. "Inna, ina kwana?"

"Ka ga kwanan a idona, Mai Suna?"

Tun yana cikin zanen goyo haka take kiransa, don sunan mijinta ya ci. Da ya dawo daga Makka duk gari suka koma ce masa Alhaji, ban da ita. Fuskarsa ta ɗaure, ya nemi benci ya zauna.

Shi aka fara ji. Ya ce gonar kakansa ne ya ba shi kyauta tun yana yaro, Baffa riƙon amana kawai ya yi har ya rasu. Ya zaro takarda daga aljihu, tsohuwa, ta yi ja, an naɗe ta a leda. Saude ta gane ta. Ranar sadakar bakwai ya karɓe ta daga hannunta, wai zai ajiye mata kada gara ta ci.

Haladu ya buɗe, ya karanta da sauri. "Gonar bakin rijiya, daga tsamiya zuwa kwari, ta Muhammadu Lawal ce. An rubuta a gaban dagaci, alif ɗari tara da hamsin da takwas." Ya dubi Alhaji. "Kai ne Muhammadu Lawal?"

"Ni ne. Ga fasfo ɗina na aikin hajji."

Haladu ya duba, ya gyaɗa kai, ya juyo. "Ke fa? Sunanki?"

"Saude. Wanda ya haife ka ma Inna zai ce mini, amma rubuta Saude."

"Me kike da shi a gonar?"

"Ta Malam ce. Shi ya sare dajin da hannunsa, ni na kai masa fura shekara talatin."

"Wane ne Malam?"

"Maigidana."

"Sunansa nake tambaya."

"Malam na bakin rijiya. Tambayi kowa daga nan har Gwiwa."

"Wannan ba suna ba ne. Malamai nawa ne a ƙasar Kazaure? Ki faɗi sunan da aka raɗa masa."

Wata mata a taga ta dafe baki. Saude ta dubi Alhaji, ta ga ya sunkuyar da kai yana juya makulli a yatsa, gefen bakinsa na motsi. A nan ta fahimci abin da ya dogara da shi. Ya san wannan baƙon yaro bai san mutum biyu ne ke da sunan ba. Ya san duk garin ba mai kiran marigayi da suna. Ya kuma san ita, wadda ta zagi mai karɓar haraji a tsakar kasuwa, wadda ta bi ɗan doka da muciya, akwai kalma ɗaya da ba za ta fito daga bakinta ba.

Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa faɗa ba. Rabin farko tana faɗarsa kullum cikin salati, wannan na Annabi ne. Rabi na biyun ne ba ya faɗuwa. Ko yaron maƙwabta mai sunan, sai dai ta ce kai ɗan gidan Ma'u. Ranar da Malam ya cika a kan cinyarta ma, Malam ta yi ta kira.

"Mai unguwa ya sani," in ji ta. "Daudu, buɗe baki."

Daudu ya ƙura wa ƙasa ido. Kwanon rufin da ke kan zaurensa bai yi wata uku ba, kowa ya san wanda ya saya masa.

"Ba shi ke ƙara ba," in ji Haladu. "Ke ce. Mace ta zo neman gonar mijinta, ta kasa faɗar sunan mijin? Ina da mutum ashirin a waje. In ba ki faɗa ba zan rubuta cewa ba a kawo hujja ba, gobe katafila ta shiga."

"Kai yaro, uwarka tana kiran ubanka da suna?"

"Ba uwata ake tambaya ba."

Ya cire murfin biro. Ta ga bakin biron ya sauka a kan farar takarda. Ta tuna geron, ya fara fitar da kai. Ta tuna ƙaramar jikarta Asma'u da ta bari tana lasar kwanon jiya. Ta ce a ranta, Malam ka yafe mini, don 'ya'yan ɗanka ne. Ta buɗe baki. Harshenta ya tashi ya taɓa dasashi, inda sunan zai fara. Matan taga wasu suka kau da kai, kamar za a tuɓe ta a gabansu.

Sai wani abu ya tsaya mata a kunne.

Ta taɓa jin an karanta takardar nan. Sau ɗaya, shekara biyu kafin mulkin kai, tana bayan zana tana tankaɗe, malamin dagaci yana karanta wa Malam a zaure. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Karatun wancan tsohon ya fi na yaron nan tsawo. Da kaɗan, amma ya fi.

Ta rufe bakinta. Ta sake buɗewa.

"Sake karantawa."

"Na riga na karanta."

"Ka karanta rabi. Tsohon da ya rubuta ta na san shi, ba zai rubuta sunan babban mutum tsirara ba ko da wuƙa a wuyansa. Karanta yadda ya rubuta. Kada ka sauke wa kowa kaya."

"Inna," in ji Alhaji da sauri, "kina ɓata wa hukuma lokaci."

"Yi mini shiru, Mai Suna, ba da kai nake ba."

Haladu ya ja tsaki, ya jawo takardar, ya ɗora yatsa a kan layin. "Gonar bakin rijiya, daga tsamiya zuwa kwari, ta Malam Muhammadu Lawal ce." Ya ɗaga kafaɗa. "Malam ne kawai na tsallake. Ba ya ƙara komai."

"Ba ya ƙara komai." Ta miƙe tsaye, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Tambayi wannan shekararsa nawa lokacin."

Haladu ya buɗe fasfon, ya motsa leɓe. "Goma."

"Goma. Da ɗan bante yake bin awakina, majina har baki. A wane gari ka taɓa jin dattijo ya zauna gaban dagaci ya rubuta wa ɗan shekara goma Malam? Ko allonsa bai kai izu biyu ba, ni na sani, ni nake wanke masa shi."

Tagogi suka ɗauki guna-guni. Wani tsoho ya ce, "Wallahi ba a yi." Haladu ya dubi takardar, ya daɗe yana dubanta.

"To in ba shi ba ne, wane ne?"

"Tambaye shi sunan wa ya ci."

Haladu ya juya. "Mene ne sunan baffanka?"

Alhaji ya gyara wuyan riga. "Baffa muke ce masa."

"Sunansa na yanka."

Makullin ya daina juyawa. Alhaji ya dubi ƙofa, ya dubi allo.

Haladu ya ajiye biro. Ya juya wajen Daudu, muryarsa ta sauka. "Mai unguwa. A shekarar da aka rubuta wannan, wa ake kira Malam Muhammadu Lawal a garinku?"

Daudu ya dubi tagogi. Da wata tambayar ce, da ya san yadda zai zille. Amma mutum hamsin na taga sun san amsar, tare da su kuma zai yi sallar la'asar.

"Ranka ya daɗe," ya ce, Haladu bai hana shi ba, "mutum ɗaya ne. Mijin wannan baiwar Allah. Shi ya yi mana limanci shekara ashirin. Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji tagogi gaba ɗaya.

Haladu ya yi rubutu mai tsawo. Da ya gama ya ce katafila ba za ta shiga ba, gonar ta magadan marigayi ce, wanda bai yarda ba ga kotun alƙali a Kazaure. Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauki tsohuwar takardar. Haladu ya dafe ta, ya naɗe cikin ledarta, ya zagayo tebur ya miƙa wa Saude da hannu biyu.

"Ga ta, Inna."

Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane, ƙulli biyu. Ba ta yi godiya ba. Ta nuna sabuwar takardar da ke kan tebur da haɓa.

"A taka, ka sa masa Malam ɗin?"

Ya koma ya duba. Ya ɗauki biro ya matsa kalmar a saman layi, da ƙananan baƙaƙe, don babu wuri.

"Karanta in ji."

Ya karanta, duka, bai tsallake komai ba. Da ya zo kan sunan ta sunkuyar da kai har ya wuce.

A bakin ƙofa Alhaji ya tare ta, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, a gaban mutane? Ko Alhaji ba za ki ce mini ba sau ɗaya?"

Ta zura takalmanta, ɗaya bayan ɗaya, ta dafa bango.

"Mai sunan ya fi ka, shi ma ban taɓa kiran sunansa ba. Ka aiko a kwashe ƙarafanka kafin in isa. In na riga 'yan aikenka, a rijiya za ka same su."

Ta fita ta kama gefen kwalta, ta bar motarsa a tsaye a inuwar darbejiya.