Kamun Cha'ibu da Kamun Gambo

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ni Ado nake gadin kantin yadi na Alhaji Hamani a Gaya, kan hanyar da ke gangarawa gada. Tsohon soja ne ni, kuma ko da yake Allah bai ba ni tsawo ba, ya ba ni ido. Daga buɗe ƙofa har la'asar ina tsaye da kulkina, ko allura ba ta fita ban gani ba. Shi ya sa ranar da Alhaji ya ce barci nake yi, a gaban mutane, na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

"A da," in ji shi, "bandir ɗaya na yadin da muke ɗaukowa daga Malanbil zane goma yake fitarwa. Yanzu da ƙyar yake ba da tara. Ado, in ranar kasuwa ta zagayo ba ka kamo mini ɓarawon ba, ka ajiye kulkin nan."

Ni da nake da mata da ƴaƴa huɗu! Kuma wa zai ƙara ɗaukar gardin da aka kora don barci?

Kwana uku ina binciken buhu da kwando, har wani Bafulatani ya ɗaga mini sanda. Ban samu ko zare ba. Amma da na daina kallon kaya na koma kallon mutane, sai na ga wani abu da ya ɗaure mini kai.

Masu sayarwa biyu ne a kantin. Akwai Baba Gambo, tsoho ɗan dunƙule, da Cha'ibu, sabon zuwa daga Bengu, dogo kamar sandar tuƙa kwalekwale. In Baba Gambo ne a tebur, sai mata su zube gindin mangwaron ƙofar kanti, su yi ta hira kamar ba saye ya kawo su ba. Har waɗanda suka tako tun daga garin Bana, da rana a kansu. Da zarar tsoho ya ɗauki buta ya fita, Cha'ibu ya karɓi tebur, sai su miƙe gaba ɗaya, har da ture-ture.

To, me Cha'ibu yake da shi? Kyau dai babu, kar mu yi wa juna ƙarya. Magana ma sai an ja ta daga bakinsa. Na ce to haɗa baki suka yi, na kafa masa ido. Wallahi mutumin nan bai ƙara wa kowa ko taƙi ba. Yakan auna kamu yadda kowa ke aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yana ƙirgawa da ƙarfi, ya yanka daidai inda ya tsaya.

Na je wurin Balki mai soyayyen kifi, wadda ta fi kowa zaman gindin mangwaron.

"Yaya Balki, don Allah me kuke jira a nan?"

"Inuwa muke sha, Malam Gardi. Ko ita ma ta Alhaji ce?"

Suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, amma son sani ya fi ɓacin ran yawa. Abinci ma na daina jin daɗinsa.

Ana jibi kasuwa na koma gida da yamma, na tarar matata Ladi ta shanya zannuwa biyu a igiya. Duka daga kantinmu, duka kamu shida. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba kaɗan ba. Na tsaya ina kallo, baki buɗe.

"Ladi, wa ya auna miki wannan?"

"Baba Gambo."

"Wannan fa?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Maigida, sai yau ka gani? Kai ne mai idon? Wata uku ke nan matan Gaya sun sani. Amma ka rufa mana asiri, kar ka faɗa."

Na ce, "Ke, tuwon gidan nan nake karewa."

Ranar kasuwa kanti ya cika. Na gyara tsayuwa irin ta soja, na ce, "Alhaji, na kama shi." Na sa Baba Gambo da Cha'ibu suka kafa gwiwar hannu a tebur, gefe da gefe. Jama'a, yatsun Cha'ibu sun wuce na tsoho da faɗin tafin hannu! Shi kansa Cha'ibu bai taɓa lura ba. Ya hau rantsuwa, idonsa cike da ƙwalla, yana cewa haka Allah ya yi shi. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba.

Alhaji ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ina ta hura hanci, ina jiran yabo. Da ya share hawaye sai ya ce, "Ado, kawo naka mu gani."

Na kafa. Na Baba Gambo ma ya fi nawa.

Alhaji ya ɗauki hularsa ya sa. Ya zare kulkin daga hannuna ya miƙa wa Cha'ibu, ya ce dogo ya fi dacewa da ƙofa. Ni ya miƙo mini almakashi.

Ba a kore ni ba, na gode Allah. Amma tun ranar, in na tsaya a tebur sai kanti ya yi tsit. Mata suna can gindin mangwaro, suna jiran in ɗauki buta Baba Gambo ya karɓe ni. Ladi tana cikinsu, a gaba-gaba, ko kallona ba ta yi.