Namijin Dabinon Baba

Dabinon da Baba ya shuka a bayan gidanmu na Haɗeja bai taɓa yin ko ƙwaya ɗaya ba. Namiji ne. Shi kuwa dabino ba ya nuna ko wane ne sai ka sha wahalar ban-ruwa shekara da shekaru, ranar da ya yi fure sannan ka san matsayinka. Da namu ya fito da farin furensa mai gari, maƙwabta suka yi ta yi wa Baba jaje kamar an yi rashi. Ya ce su bar masa abinsa.

A gindinsa na girma. Nan nake shimfiɗa tabarma in yi ta rubuta 'yan labaraina, Baba na gefe yana cirar ciyawa a fangalin albasa, yana tambayata wa na kashe yau a labarin. Ko da na yi aure a Jahun, shekaru suka tura ban samu haihuwa ba, bakin mutane ya ishe ni, nan nake zuwa in zauna. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai ya zaro dabino daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Ci, Ummussalma, na gida ne."

Na gidan ne kuwa. Duk shekara in sanyi ya shigo, amininsa Malam Abdulwahid, wanda muke kira Baffa, yakan zo daga Auyo ya yanki furen, ya naɗe a tsumma, ya je ya yi wa matan dabinonsa barbara. In sun nuna ya aiko mana da kwando.

Baba ya rasu da damina, a shekarar da ambaliya ta cinye gidan yayana Usaini na bakin kogi. Yaya ya kwaso iyalinsa ya dawo gidan Baba, suka cunkushe kamar kifi a kwando. Bayan sadakar arba'in ya same ni a gindin dabinon.

"Zan sare shi," in ji shi. "Ɗaki zan yi a nan."

"Yaya, dabinon Baba fa?"

"Na sani. Amma 'ya'yana a zaure suke kwana. Da yana haihuwa ma da sauƙi."

Yana faɗa ya ga fuskata, ya kawar da kai. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya san ni, amma ranar ban yi masa faɗa ba, don gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Abu ɗaya na roƙa: ya bari ya ƙara yin fure sau ɗaya. Ya ce to.

Na koma Jahun, hankalina na Haɗeja. Na ishi matar Yaya da waya, kullum tambaya ɗaya, har ta fara amsa sallamata da "Bai fito ba tukuna." A sujada nakan ji kunyar abin da nake roƙo. Mutane na neman lafiya da abinci, ni fure nake nema. Amma kewar Baba ta yi mini yawa, kuma ban san inda zan ajiye ta ba sai a kan itacen nan.

Da sanyi ya kankama furen ya tsage. Na iso na tarar da Baffa ya riga ni, ya sha kwale-kwale da babur, ƙafafunsa duk laka. Ya ɗaga kai ya dubi tsawon itacen, ya dubi gwiwoyinsa, ya yi dariya. Ba wanda ya ce wa Yaya komai. Shi ya cire riga ya hau, ƙaya na yagar hannunsa, ya yanko furen duka, bai bar ko ɗaya ba. Ranar da aka kawo gatari ban tsaya ba.

Watanni suka wuce. Na je gida ganin sabon ɗaki, mai kyau ne, yara na ta tsalle a ciki, sai ga Baffa da kwando a bayan babur. Wannan karon bai aiko ba, da kansa ya kawo. Ya ajiye a gabana.

"Ga 'ya'yansa na ƙarshe, 'yata."

Na ɗauki ɗaya na sa a baki, zaƙin nan dai da na sani, hawaye suka zubo. Yaya ya ci nasa, bai yar da ƙwallon ba, ya goge shi da bakin riga ya sa mini a hannu.

"Baffa," na ce, "in na shuka, mace zai fito ko namiji?"

"Wannan sai Allah. Kuma sai kin jira."

Na shuka shi a bayan ɗakina a Jahun. Maigidana ya same ni durƙushe da buta, ya tsaya yana kallona.

"To in kika gama wahalar nan ya fito namiji fa?"

Na ce sai a bar mini abina.