Yatsun Maman Ploy

Mai ya fara hayaƙi, na watsa tafarnuwa da barkono, kasko ya ɗauki ƙara. A lokacin Nwe, matar marigayi ɗana, ta shigo shagon abincina ta zauna a kan benci, ko jakarta ba ta sauke ba.

"Maman Ploy, an dace?"

"Baba, na'urar ta ƙi ɗauka."

"Duka yatsu goman?"

"Duka. Har wani a layi ya ce in gwada na ƙafa. Aka yi ta dariya."

Nwe baƙuwa ce a ƙasar nan, 'yar ƙasar Bama ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɓare jatan lande a wata rumfa bayan kasuwar Mahachai, hannu cikin ƙanƙara da ruwan gishiri, har zanen yatsunta ya shafe, suka yi sumul kamar bayan cokali. Ranar Juma'a za a rufe rajistar baƙi. Wanda na'ura ba ta ɗauki yatsansa ba ba shi da kati, marar kati kuwa mota ce za ta kai shi bakin iyaka. Ita ko jikata Ploy nan aka haife ta, nan take makaranta, yaren uwarta ko gaisuwa ba ta iya ba.

Ni ban yi boko ba, amma na san gari. Na san wanda ake gani a kan komai. Da safe na je wurinsa, ya ce, "Kawu Somkiat, mutum ake lallashi. Na'ura ba ta shan shayi."

"Ai tun tuni na ce ki huta sati biyu fatar ta dawo," na ce da Nwe.

"Na roƙi uwar ɗakinmu. Ta ce jatan lande ba ya jiran fata."

* * *

Na zuba jatan landen, suka nannaɗe suka yi ja. Na bi su da sukarin giginya da ruwan tsamiya da ɗan romon kifi, miyar ta yi kauri tana sheƙi. Minti goma an gama. Da wannan saurin na yi suna, masu saye suna cewa hannuna walƙiya ne. Ban taɓa gaya musu ɓararre nake sarowa ba, don ya fi araha.

Na ɗora mata a kan shinkafa. "Ci, 'yar nan. Da yunwa ba a shawara."

Ta ɗago guda a cokali, ta daɗe tana juya shi.

"Na rumfarmu ne wannan."

"Kai, Maman Ploy! Jatan lande ai duk uwarsu ɗaya."

"Dubi tsagar bayansa, ta karkace. Bahaguwa ce ni, Baba. Duk rumfar ni kaɗai ke tsaga haka."

Na duba kaskon. Duk a karkace suke. Na rasa inda zan sa idona, sai na hau goge teburin da ba shi da datti.

Ta matsa lemon tsami, ruwan ya shiga inda yatsunta suka tsattsage, ta ja iska ta haƙora. Sannan ta kai loma, ta tauna a hankali.

"Ya yi daɗi," in ji ta. "Amma Ploy ba ta iya yaji haka, kunyarka take ji shi ya sa ba ta faɗa. Barkono biyu ya ishe ta. Idan ba na nan, ka riƙa cire mata 'ya'yan barkonon."

Ta jawo kwanon barkonon gabanta, ta fara nuna mini yadda ake yi.