Bakin Gada

Ranar da aka fito da Auta daga gidan yari, lauya ya gyara tabarau ya ce an sake shi a kan "farol". Inna ta nemi a yi mata da Hausa. Ya ce Auta zai kwana a gida, ya yi aiki a garejin yayansa, amma ba zai fita daga gari ba sai da izinin jami'in da ke sa masa ido. In ya tsallake gadar da ke iyakar gari, ya koma ciki.

"Sakin talala ke nan," in ji Inna. "Ka wani naɗe shi da Turanci."

Yaya kuwa kalmar ta yi masa daɗin baki. Auta ya makara, farol. Ya ɗaga murya, farol. Har masu kawo gyara sun iya ta. Abin yana ci wa Auta rai, amma haka yake haɗiyewa, ya koma ƙarƙashin mota.

Wata rana yana kwance yana kunce salansar wata mota aka bugo waya: Inna ta faɗi, an wuce da ita babban asibiti. Asibitin kuwa yana hayin gada.

Ya kira jami'in, wayar a kashe. Ya ruga ofishinsa, aka ce ya yi tafiya, sai wani makon. Yaya ya tayar da babur, ya dube shi, bakinsa ya motsa. Yau dai bai iya faɗar kalmar ba, ya tafi shi kaɗai.

Auta ya taka har bakin gada, hannunsa duk baƙin mai. Ga rufin asibitin can yana gani. Masu talla suna wucewa, har wata akuya ta tsallaka abinta. Bai taɓa jin ƙunci irin wannan ba, ko a ciki. Ya riga ya ɗora ƙafa a kan gadar, wayarsa ta yi ƙara. Yaya ne, ya kara wa Inna a kunne.

"Auta, kana ina?" Da kyar muryar take fita.

"Ga ni nan tafe, Inna."

"Na san ka. Kana bakin gada." Ta yi tari mai tsawo. "In ka tsallako ban yafe ba. Na gaji da ganinka ta bayan ƙarfe."

"Inna, ki bari in gan ki."

"Zauna nan ka yi mini hira. Ina jin ka."

Ya janye ƙafarsa, ya zauna a gefen titi. Ya ba ta labarin salansar, da mai motar, da tsadar taya. Ya daɗe yana zuba kafin ya lura ta daina amsawa.