Matar da ke Gefen Allo

Sau ɗaya mahaifiyarta ta taɓa fitowa a fim, tun tana budurwa: tana tsaye can gefe a tashar jirgi, tana dariya, jarumin yana bankwana da masoyiyarsa. A kaset ba a ganinta, an datse gefen hoton. Sai a zaren fim na asali, wanda mahaifinta, tsohon mai haska fim a sinima, ya bar mata cikin gwangwani. Iyayen duk sun rasu, zaren kuma ya fara wari yana narkewa.

Saurayinta ta damƙa wa, wanda abokansa masu farfaɗo da tsofaffin finafinai ke kira Mai Gilashi. Ya ce zaren ba zai jure shiga na'urar kwafa sau biyu ba.

"Ka dai kula min da gefen hagu," ta ce.

"Gimbiya, surukata ce fa. Har kwalli zan sa mata."

Ranar nunawa ta zo da Inna, ƙanwar mahaifiyarta, ta zaunar da ita a gaba. Aka saki labule. Fim ya fito tas kamar jiya aka ɗauka, abokai suna ta jinjina kai. Ga tasha, ga jarumi. A gefen hagu kuwa, gwiwar hannu kawai da bakin mayafi.

"Ina Yayar tawa?" in ji Inna. "Ko idona ne?"

Ita kuwa ta tashi, ta tarar da saurayin nata a can baya, wajen na'ura.

"Gefen ya cinye, rawa yake yi," ya ce, idonsa na kan waya. "Da na bar shi, masana sai su yi mana dariya. Ɗan kaɗan na matso da hoton."

"Ba ni kwafin da ka fara ɗauka, mai rawar."

Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga. "Ya cika wuri a kwamfuta. Na goge."

"Zaren fa?"

"Ya dunƙule, Gimbiya. Shara ce."

"Mahaifiyata fa, ka gan ta?"

"Na gan ta. Dariyarku ɗaya."

Wannan maganar ta fi sauran ciwo. Shi kaɗai ya ga dariyar, ya kuma zaɓi tafin abokai.

Ta koma ta durƙusa gaban Inna, ta nuna allo.

"Ga hannunta can, Inna. Ki faɗa min sauran."