Motar da Ke Tafiya a Tsaye

Mutanen gidan benen suna kiranta Mai Tabarau, saboda a shagon gwada ido take aiki. Tun safe take zaunar da mutane gaban allon haruffa, tana sauya musu gilashi ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya, "Wannan ya fi, ko na farko?" Idan ta tashi aiki, ba abin da take so kamar ta shigo ƙofar gidan, ta karya kan motarta hagu, ta shige lamba goma sha huɗu, ta kashe inji, ta ɗan lumshe ido kafin ta hau bene. Wurin nata ne, a rubuce yake cikin takardar haya. Shi kaɗai ne a duk farfajiyar yake ƙarƙashin bishiya, kuma yana fuskantar shingen ƙarfen da ya raba gidan da babban titi.

Shekara uku ƙarfe shida take dawowa. Sai mai shagon ya ɗauki ƙarin ma'aikaciya, aka mayar da tashinta ƙarfe huɗu. Ranar farko da ta dawo da wuri, ta tarar da wata tsohuwar mota ruwan toka zaune daram a wurinta, fentinta ya koɗe, amma an goge ta fes. Babu kowa a ciki. Ta danna hon sau biyu, tsuntsaye suka tashi daga bishiyar, ba wanda ya leƙo.

Ta kira maigadi. Ya taho yana jan takalmi, yana kallon ko'ina ban da fuskarta.

"Motar waye wannan?"

"Ta Baba Direba ce, na hawa na biyu."

"Shi ba shi da wuri ne?"

"Yana da shi. Lamba uku." Ya nuna can ƙurya, inda bango ya haɗu da bango, kusa da bola da ɗakin janareta. "Anti, ki ɗan yi haƙuri. Kafin shida zai ɗauke."

"Kafin shida? Wato ba yau ya fara ba ke nan."

Maigadi ya sosa ƙeya, ya ce yana jin kamar ana buga ƙofa, ya tafi.

Ta ajiye motarta a bakin titi cikin rana, ta yagi takarda ta rubuta cikin ladabi cewa wannan wurin yana da mai shi, ta maƙale a gilashin gaba. Washegari motar tana nan, takardar ba ta nan. Ta rubuta ta biyu, wannan karon ba gaisuwa. Ta uku kalma huɗu ce kawai, har biro ya huda takardar. Tagogin ɗakinta bayan gida suke kallo, don haka ba ta taɓa ganin mai motar ba. Tana saukowa da shida sai ta tarar wurin wayam, sai ɗigon baƙin mai a kan siminti.

Ranar Alhamis ta ce yau sai an yi ta. Ta shigo ta gindaya motarta a bayan tsohuwar motar, yadda ko keke ba zai fita ba, ta sauke gilashi, ta zauna jira. Ta jera maganganun da za ta faɗa, ta sake jera su. Iska tana ɗan kaɗawa, ranar ta yi gwajin ido fiye da talatin, ba ta san lokacin da barci ya sace ta ba.

Da ta farka, akwai mutum biyu a cikin tsohuwar motar. Ta fito ta ƙwanƙwasa tagar direba da ɗan makulli. Wani dattijo mai farin gemu, da hula a daidaice kamar mai shirin zuwa ofis, ya murɗa gilashin ƙasa da hannu. Hannunsa ɗaya yana kan sitiyari, inji kuwa a kashe.

"Baba, ina wuni. Ni ce mai wannan wurin."

Kafin ya buɗe baki, tsohuwar da ke gefensa ta leƙo. 'Yar ƙarama ce, ta ci ado, da jaka a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. An ɗaure ƙafar tabarau ɗinta da baƙin zare.

"Ke muke jira ashe," in ji tsohuwar. "Shigo mana, yarinya, rana tana yi. Maigida, buɗe mata baya."

Dattijon ya dubi Mai Tabarau. Ta ga roƙo a fuskarsa. Duk maganganun da ta jera suka watse. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ita kanta ba ta san dalili ba.

Cikin motar yana ƙamshin tsohuwar fata da man shafawa. Baba Direba ya gyara madubi, ya taɓa giya, ya ce, "To, Uwargida, mun tashi."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji tsohuwar, wadda mutanen gidan ke kira Mama.

Da farko Mai Tabarau dariya ta so kama ta. Sai ta jingina, ta dubi gaba. Ta tsakanin sandunan shingen motoci suna wucewa a kan babban titi, ɗaya bayan ɗaya, inuwar ganye kuma tana gudu a kan gilashi tana zamewa ta kan rufi. In mutum bai kafe ido a wuri ɗaya ba, sai ya rantse titin ne a tsaye, su ne suke tafiya. Baba yana juya sitiyari kaɗan kaɗan, kafaɗarsa tana bin kwana.

"Mun fita gari," ya ce a hankali. "Ga gonaki nan sun fara."

"An yi shuka da wuri bana," in ji Mama. "Dubi yadda suka yi kore. Rage gudu, akwai gada a gaba."

Ya ɗaga ƙafa. Suka hau gadar. Mama ta ce ruwan ya cika har ya taɓa wuyan bishiyoyi, ga wasu fararen tsuntsaye tsaye da ƙafa ɗaya. Mai Tabarau ta ji sanyin kogi a fatar hannunta, ko da yake ta san iskar la'asar ce. Ta tuna kujerar baya ta motar mahaifinta, tana ƙarama, kanta a cinyar mahaifiyarta, wayoyin lantarki suna hawa suna sauka a taga, manya suna hira ƙasa ƙasa a kan abin da bai shafe ta ba. Rabon da wani ya tuƙa ta ita tana zaune kawai, har ta manta.

Suka wuce wani gari mai jan rufi, suka wuce masu sayar da lemo a bakin hanya, Mama ta ce kada a tsaya, na gaba sun fi zaƙi. Suka bi bayan wata babbar mota mai hayaƙi har Baba ya samu sarari ya wuce ta. Can barci ya ɗauke Mama, kanta ya langaɓe jikin kujera.

Baba Direba ya sauke hannu daga sitiyari. Ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"'Yata, na yi miki laifi. Shekara guda ke nan ina yi."

"Na bar maka takarda har uku, Baba."

Ya buɗe aljihun mota, ga su nan a ninke. "Ban iya ganin ƙananan rubutu yanzu. Amma na san abin da ke ciki, ba sai an karanta mini ba."

Ya gaya mata shekara talatin da huɗu ya yi yana jan bas ta doguwar tafiya. Uwargida kuma mantuwa ta kama ta shekara biyu da suka wuce. Da la'asar ta yi sai ta ɗauki jaka ta tsaya bakin ƙofa, ta ce a kai ta gida, alhali tana cikin gidanta. In an hana ta, kuka. Wata rana ya zaunar da ita a mota a lamba uku, ta dubi bango ta ce wannan wane irin direba ne da ya kawo ta bola. Da ya gwada nan, sai ta yi shiru, ta fara ganin gonaki. Shi ya sa yake kawo motar tun uku da rabi, sannan ya hau ya shirya ta, su sauko matakala ɗaya ɗaya.

"Da ka tambaye ni," in ji Mai Tabarau.

"Na ji tsoron ki ce a'a. In ban tambaya ba, ai ba a hana ni ba."

Ta so ta ji haushin wannan magana, ta kuma ji kaɗan. Ta ce daga huɗu zuwa shida ya riƙe wurin, ita za ta tsaya a lamba uku, amma shida tana yi ya ɗauke, kuma ya sa a duba wannan man da ke ɗiga. Ya ce ya ji, ya gode.

Lamba uku ba daɗi. Motarta tana ɗaukar zafi kamar tanda, ƙudaje suna bin ta har cikin kujera, kullum sai ta yi tsaki. Duk da haka, sau biyu ko uku a mako, sai ta tsinci kanta tana buɗe ƙofar bayan motar ruwan toka. Mama ba ta taɓa gane ta ba. Yau ita ce ɗalibar da za ta koma makaranta, gobe amaryar wani, jibi malamar asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Kowace aka ba ta, sai ta karɓa.

Zaren nan na tabarau ɗin Mama shi ya tsaya mata a rai. Ta ɗauki tabarau ɗin wata rana Mama tana barci, ta auna gilashin a shago, ta ga ya yi shekaru da yi mata rauni. Ta zo da 'yar jakar gwaji, ta gwada ta a cikin mota da wasa da dariya, bayan kwana huɗu ta kawo sabo mai ruwan zuma.

Mama ta saka. Ta dubi hannunta, ta dubi jakarta, ta ɗaga kai ta dubi gaba. Ta daɗe tana kallon sandunan shingen, da tsatsar da ke jikinsu, da wata leda da ta maƙale a ƙasa. Mai Tabarau ta bi inda take kallo da ido. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi.

Baba ya yi gyaran murya. "Cunkoso ne, Uwargida. Yanzu za a saki hanya." Ya buɗe ƙofa ya ce bari ya duba taya, ya fita, ya tsaya a bayan mota ya juya musu baya.

Mama ta waiwayo. Idonta a bayan sabon gilashin ya yi girma, ya yi haske, kuma a wannan karon ita take kallo sosai.

"Ke ce ta hawa na uku, mai wurin nan ko?"

"Ni ce, Mama."

"Kada ki gaya masa na san a tsaye muke." Ta rage murya. "Wani lokaci ina sani, wani lokaci ba na sani. Amma shi tun da idonsa ya yi hazo suka ce ya ajiye makulli, bai ƙara dariya ba sai a kan kujerar nan. Bar shi ya yi tuƙinsa."

Da Baba ya dawo ya zauna, Mama ta gyara jaka a cinya ta ce, "To, an saki hanyar, me kake jira?" Kafin su kai gada ta koma tambayar Mai Tabarau ko an zo tarbarta a tasha.

Ranar Mai Tabarau ba ta bi gonakin ba. Idon Baba take kallo ta madubi, ta ga farin abin da ya kwanta a tsakiyar ƙwayar, wanda da a shago ne da tun ranar farko ta gani. Da suka tsaya ta haska masa 'yar fitilarta, ta ce, "Baba, yanar ido ce. Ana cire ta. Aikin bai kai minti talatin ba." Ya ce shi ba ya son a taɓa masa ido da wuƙa. Ta karɓi lambar 'yarsu da ke aure a wani gari, suka haɗu masa su biyu, ɗaya a waya ɗaya a taga, sai da suka yi wata guda kafin ya sallama.

Ranar aikin 'yar ta zo, Mai Tabarau ta ɗauki hutun rabin yini ta kwashe su duka a motarta. Da azahar aka sallame shi, ido ɗaya a rufe da auduga. Mama ta ƙi zaman baya, ta ce ita tun tana amarya gaba take zama. Baba da 'yarsa suka shiga baya.

Ba su yi nisa ba ya fara. "Kin matse wancan da yawa. Saki burki, 'yata, ba a taka shi a cikin kwana."

"Baba, da ido ɗaya ma?" in ji 'yarsa.

"Da kunne nake ji."

Mama ta riƙe jakarta gam, tana kallon shaguna da mutane suna wucewa da gaske, iska tana kaɗa mata gefen mayafi. Ta sunkuyo wajen Mai Tabarau ta ce, yadda kowa zai ji, "Yarinya, ba don na raina ki ba, amma hannunki bai faɗa ba tukuna. In mun isa, ki roƙi maigidana ya koya miki."

"Zan roƙe shi, Mama," in ji Mai Tabarau, ta kunna sigina, ta rage gudu tun kafin a ce mata.